Uproarious, hilarious, rowdy: wacce ce ta dariya, wacce ce ta hayaniya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ina shirin rubuta WAEC. Muna bitar tsoffin tambayoyi sai na ci karo da kalmar uproarious. Da na duba ƙamus sai na ga ma'ana biyu: abu mai tsananin hayaniya, da abu mai tsananin ban dariya. Kaina ya ɗaure, me ya haɗa dariya da hayaniya? Sannan a wani insha'i da na ba da labarin wasan kwaikwayon makarantarmu na rubuta 'the drama was very hilarious', malaminmu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin very, bai rubuta dalili ba. Don Allah a yi mini bayanin kalmomin da ake siffanta abin dariya sosai ko abu mai ƙara sosai da Turanci, da yadda zan gane wadda ta dace."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya sa a rubuta a sa'a. Na ji daɗin tambayarki, domin ɗalibin da ya tsaya a gaban ƙamus ya ce "me ya sa" ya riga ya kama hanyar iya harshe. In na fahimce ki, abu uku kike nema: dalilin da ya sa kalma ɗaya ta goya dariya da hayaniya, laifin da very ta yi a jimlarki, sai yadda za ki zaɓi guda a cikin tarin kalmomin da ƙamus ke jerawa kamar duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, na kuma taɓa aikin fassarar labarai, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kowace kalma a cikinsu tana tafe da hotonta: wane ne ke yin ƙarar, da daɗin rai ake yin ta ko da ɓacinsa, kuma ina ta kai. Duk wanda ya riƙe hoton, ma'anar ba ta kuɓuce masa.

Abin da ya haɗa dariya da hayaniya

Na sha zama a irin wasan da kika ba da labari. Ɗalibai sun cika zauren taro maƙil, har da na tsaye a jikin taga. Sai wani yaro ya fito sanye da babbar rigar mahaifinsa tana sharar ƙasa, ya liƙa gemun auduga, yana dogara sanda yana faɗa da murya irin ta tsofaffi. Ana tsaka da haka gemun ya saki ta gefe ɗaya, ya kai hannu ya dafe shi bai fasa magana ba. Nan take zaure ya ɗauka: masu ihu na yi, masu buga benci na yi, wasu sun duƙa sun riƙe ciki. To mai sayar da rake da ke bakin ƙofar makaranta bai ga gemu ba. Abin da ya iso kunnensa ƙara ce tsagwaronta, kuma da za ki tambaye shi, ba lallai ya iya ce miki dariya ake yi a ciki ko faɗa ya kaure ba. Dariyar mutum ɗaya a fuska ake ganin ta, dariyar taro kuwa da kunne ake jin ta.

Hausa ma ta san da wannan. Muna cewa wuri ya kaure da dariya, muna cewa wuri ya kaure da hayaniya. Muna cewa ta fashe da dariya, ta fashe da kuka. Aikatau ɗaya ne, abin da ya biyo baya ne ke bambanta su. Saboda haka abin da ya ɗaure miki kai a ƙamus kina yin sa kullum da bakinki.

Uproarious ta fito ne daga uproar, kuma asalin uproar yana da abin lura. Mai karatu zai ɗauka an haɗa up ne da roar, wato rurin zaki, amma ba daga nan ta taso ba. Daga harshen mutanen Holan aka aro ta, inda oproer ke nufin bore ko tayar da ƙayar baya, ɓangaren ƙarshe na kalmar kuwa motsi yake nufi. William Tyndale ya yi amfani da ita a fassararsa ta Sabon Alkawari zuwa Ingilishi a 1526 da ma'anar tashin hankalin jama'a. Da yake kunnen Bature ya ji ƙarshenta ya yi kama da roar ɗin da ya sani, sai ya jingina ta da ruri, ma'anarta ta karkata daga bore zuwa ihu da hargowa. A ƙarni na 19 sifar uproarious ta fito, aka riƙa cewa "uproarious laughter", dariyar da ke girgiza ɗaki. Daga siffanta dariyar zuwa siffanta abin da ya jawo ta taki ɗaya ne.

Yadda za ki raba ma'anonin biyu a jarrabawa kuwa, ki dubi sunan da kalmar ta raɓa. In abu ne mai fitar da sauti, kamar crowd, laughter, applause ko party, hayaniya ake nufi. In abu ne da ake kallo ko ake saurare don nishaɗi, kamar comedy, story ko joke, ban dariya ake nufi. Kada ki zaɓi amsa don kin san ma'ana ɗaya ta kalmar. Karanta jimlar har ƙarshe tukuna.

Riot ma wannan hanyar ta bi, kuma ita ta fi haɗari ga mai fassara. Ma'anarta ta farko tarzoma ce. A Birtaniya an yi wata doka a 1714 mai suna Riot Act, wadda ta ce in mutum 12 ko fiye suka taru suna tayar da hankali, hukuma ta karanta musu sanarwa, su watse cikin sa'a ɗaya ko su fuskanci hukunci mai tsanani. Daga nan aka sami "read someone the riot act", wato ja wa mutum kunne da kakkausar murya. Amma a bakin masu wasan dandamali, in aka ce "the show was a riot", ana nufin wasan ya kashe mutane da dariya. Wata rana wani matashin abokin aikina ya kawo mini fassarar wani ɗan labarin nishaɗi, ya rubuta cewa tarzoma ta ɓarke a wajen wasan. Na karɓi takardar Turancin na duba, babu wanda aka ko taka wa ƙafa. Mai sharhi ne ke yabon ɗan wasan barkwanci. Da labarin ya fita a haka, da mun tayar wa iyayen 'yan kallo hankali a banza. Haka "riotous laughter" yabo ne, "riotous assembly" kuwa kalmar kotu ce. A wannan layin kuma akwai "roar with laughter" da "howl with laughter", da cewa mutum "is a scream" ko "is a hoot". Dukansu sunayen ƙara ne aka ara wa dariya, na biyun ƙarshe kuma na hira ne, ba na insha'i ba.

Laifin very

Malaminki yana da gaskiya, ko da yake da ya rubuta miki dalili a gefe da ya fi. Hanya mafi sauƙi da nake bi in fahimtar da ɗalibaina ita ce ta amsa-kama. A Hausa in muna son kai sifa maƙura sai mu ce fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, shiru tsit, sabo fil. Kin taɓa jin wanda ya ce "fari fat sosai"? In ma an faɗa, kunne zai ji wani abu ya yi yawa, domin fat ta riga ta gama aikin da sosai za ta yi. Turanci ba shi da yalwar amsa-kama irin tamu, sai ya ɗauki wata dabara: ya ajiye kalma ta daban a ƙololuwar kowace matakala. Cold tana da freezing, tired tana da exhausted, big tana da enormous, loud tana da deafening, funny kuma tana da hilarious. Hilarious ita ce "funny fat", in za a iya cewa haka. Very tana cikinta tun asali.

Saboda haka very tana tafiya da sifofi masu hawa-hawa: very funny, very loud, very noisy. Waɗanda suka kai ƙarshe kuwa, in kina son ƙara musu ƙarfi, absolutely ko utterly ake sa musu: absolutely hilarious, absolutely deafening. Juyawar ma ba ta yi, "absolutely funny" tana tsaya wa Bature a kunne. In kin rikice a ɗakin jarrabawa, really tana shiga ko'ina ba tare da laifi ba.

Matakalar dariya tana farawa daga amusing, abin da zai sa ki murmusa ki wuce. Funny tana tsakiya, ita ce ta yau da kullum. Hilarious tana sama. Asalinta daga hilaris ta Latin ne, wadda ita ma ta zo daga hilaros ta Girkanci, ma'anarta mai fara'a, kuma daga nan sunan Hilary ya fito. Da ta shigo Ingilishi a ƙarni na 19 fara'a da annashuwa take nufi, daga baya ta koma tsananin ban dariya. A gefenta akwai side-splitting, wadda hotonta daidai yake da namu na dariya har ciki ya ƙulle, sai dai su haƙarƙari suka ce zai tsage. Akwai "had us in stitches", inda stitch ke nufin sukar da mutum kan ji a kwiɓi in ya yi gudu ko dariya mai yawa.

Hysterical kuwa ki taka ta a hankali. "The film was hysterical" na nufin fim ɗin ya ba da dariya ainun. Amma "the woman was hysterical", musamman a labarin haɗari ko gobara, na nufin matar ta ruɗe, tana kuka tana kururuwa ba ta cikin hayyacinta. Kalmar daga hystera ta Girkanci take, wato mahaifa, saboda likitocin dā sun ɗauka irin wannan ruɗewa ciwon mata ne da ke tasowa daga mahaifa. Ilimin likita ya daɗe da watsar da wannan zato, kuma saboda tarihin nan mata da yawa kan ji ta a matsayin raini in an jefe su da ita. Shawarata ki bar ta ga fim da labari, kada ki siffanta mutum da ita.

Sauran ba su kan matakalar ƙarfi, nau'in dariyar suke nunawa. Witty ta mai kaifin baki ce, wanda ke mayar da amsa nan take cikin hikima, irin abin da ake ji tsakanin abokan wasa, Bafulatani da Babarbare ko jika da kaka. Comical ta abin da ido ya gani ce, kamar gemun audugan nan. Humorous ta fi natsuwa, ta dace da rubutu ko jawabi mai raha. Wani abin sha'awa, humour asalinta ruwa ko danshi take nufi a Latin, daga tsohuwar fahimtar likitanci cewa ruwaye huɗu ne ke juya halin mutum. Wanda ya karanta littattafan ɗibbu na Larabci a zaure ya san su: jini, balgamu, safra'u da sauda'u. Daga ruwan jiki kalmar ta koma yanayin zuciya, daga nan ta koma raha.

Kalmomin da ke jefa ɗalibi a rami

A nan ne na fi son ki tsaya, domin kuskuren very rabin maki zai ci miki, wannan kuwa yana iya ɓata zumunci. Wata shekara na ba ajina aikin rubuta rahoton bikin raba kyaututtuka. Babban baƙo dattijo ne mai raha, ya ba da labarin yadda ya fara zuwa makaranta ba takalmi, kowa ya yi dariya, kowa ya ƙaunace shi. Wata yarinya mai ƙoƙari, rubutunta tsaf kamar na inji, ta rubuta: "The guest of honour gave a ridiculous speech and everybody laughed at him." Na kira ta teburina na ce ta faɗa mini da Hausa abin da take nufi. Ta ce, "Malam, jawabinsa ya ba da dariya, kowa ya ji daɗi." Na ce to abin da kika rubuta shi ne ya yi jawabin shirme, jama'a suka yi masa dariya. Ta dafe baki da hannu biyu, idonta ya ciko, don tana ganin girman dattijon. Ƙamus ɗinta ne ya nuna mata cewa kalmar tana da alaƙa da dariya, kuma bai yi ƙarya ba: daga ridere ta Latin take, wato yin dariya. Abin da bai nuna mata ba shi ne irin dariyar.

Hausa ta raba wannan da kyau. Akwai mai ban dariya, akwai wanda ya zama abin dariya. Na farko ana neman zama da shi, na biyu ana nuna shi da baki. Ridiculous, laughable da ludicrous duk na kashi na biyu ne: shirme, wauta, abin da hankali ba zai ɗauka ba. In ɗan kasuwa ya ce tayinki laughable ne, cewa yake kin raina masa hankali. Haka kuma "laugh at" dariyar ba'a ce in mutum ne ya biyo baya, "laugh with" kuwa dariyar tare ce. Ana iya cewa "we laughed at his jokes" ba laifi, amma "we laughed at him" ta zama cin fuska.

Ita kanta funny fuska biyu gare ta. "The milk tastes funny" ba ta nufin madarar na ba da dariya, tana nufin ɗanɗanonta ya sauya, wataƙila ta lalace. "I feel funny" na nufin jikina ba daidai ba. "The engine is making a funny noise" magana ce da za ki kai wa bakanike. Turawa kansu sukan tambayi juna "funny ha-ha or funny peculiar?" don su tantance.

Ɓangaren hayaniya

Fara da raba loud da noisy. Loud ƙarfin sauti ne, ko da guda ɗaya ne, ko da mai daɗi ne: muryar ladan, aradu, lasifika. Noisy kuwa yawan ƙara ce mai damu: aji, titi, maƙwabta. Mutum yana iya zama mai loud voice ba tare da ya zama noisy ba. Akwai kuma kuskure ɗaya da ya yaɗu a Turancinmu na Najeriya har ya zama kamar daidai, wato kiran mai surutu ko mai ɗaga murya lousy. Kama da loud ce ta jawo ruɗanin. Lousy daga louse take, kwarkwata, asalin ma'anarta mai kwarkwata, ma'anarta ta yau kuwa mara kyau, na banza. "A lousy teacher" malami ne da bai iya koyarwa ba, ko da muryarsa ba ta wuce layin gaba.

In mutane ne ke hayaniyar, tambayi kanki ko akwai fitina a ciki. Boisterous babu fitina: yara ne aka tashe su tara suka fito da gudu suna tsalle suna ihu, kuzari ne ya yi musu yawa. Amurkawa sukan ce rambunctious a irin wannan wuri. Rowdy kuwa ta fara wari, akwai rashin da'a, kuma hannu na iya kaiwa ga kwala. Shi ya sa jaridunmu ke yawan rubuta "rowdy session" in zaman majalisa ya yamutse, kowa na magana ba mai sauraren wani, shugaba na buga guduma a banza. A Ingila da ita ake siffanta magoya bayan ƙwallo da mashaya. In kika rubuta wa uwa cewa ɗanta boisterous ne za ta yi murmushi. In kika ce rowdy ne, gobe da safe za ki gan ta a ofishin shugaban makaranta. Raucous ta fito daga raucus ta Latin, mai shaƙaƙƙiyar murya, don haka kaushin sautin take nunawa: kukan hankaka, ko dariyar ƙarti a majalisar mai shayi da tsakar dare. Vociferous ta masu ɗaga murya ce don neman haƙƙi ko nuna adawa, ba a sa wa inji ita.

In sautin kansa kike siffantawa, deafening na nufin mai kurumtarwa, kuma ba zuguguwa ce kawai ba. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60, masana lafiyar ma'aikata kuwa sun sa 85 a matsayin iyakar da zama a cikinta na sa'a 8 a kullum ke fara cutar da ji. Ki lura da masu injin niƙa da suka daɗe a sana'ar, sau da yawa sai an ɗaga murya suke ji. Piercing da shrill na siririn sauti ne mai huda kunne, kamar usur ko guɗa. Thunderous na mai kauri ne mai rugugi, kuma kusan kullum da applause take tafiya, tafin da ya cika fili.

Sunayen hayaniya suna da yawa, amma in kin ɗora kowanne a kan wurin da kika sani za su zauna. Hubbub ita ce kasuwa in kin jiyo ta daga nesa ranar da ta ci, muryoyi sun cakuɗe ba faɗa ba tashin hankali. Din ƙara ce mai ɗorewa da ba ta yankewa, irin ta layin maƙera. Racket ita ce janareton maƙwabci da ƙarfe biyun dare, kalmar mai ƙorafi ce. Commotion hayaniya ce da ta tashi kwatsam tare da guje-guje, kamar an yi ihun ɓarawo. Clamour ihun masu neman wani abu ne, shi ya sa ake cewa "clamour for change". Cacophony daga Girkanci take, kakos mummuna da phone sauti, wato sautuka da ba su jitu ba: hon ɗin motoci, kukan babura, lasifikar mai tallar magani, duk a mahaɗa ɗaya.

A can ƙololuwa akwai biyu masu tarihi. Bedlam lalatacciyar faɗar Bethlehem ce, daga wani gidan ibada da aka kafa a Landan a 1247 wanda daga baya ya zama asibitin masu taɓin hankali, har sunansa ya koma ma'anar wurin da ya rikice ba mai jin wani. Pandemonium kuwa mawaƙin Ingila John Milton ne ya ƙirƙire ta a 1667 a cikin doguwar waƙarsa Paradise Lost, ya sa ta sunan fadar shaiɗanu a wuta. Pan na nufin duka, sauran kuma aljanu. To ki auna nauyinta. Ina yawan ganin ɗalibai, har da wasu 'yan jarida, suna rubuta pandemonium don mutum biyu sun yi cacar baki a tasha. In kika kashe babbar kalma a kan ƙaramin abu, ranar da babban ya zo ba ki da abin faɗa. Ki adana ta don ranar da gobara ta tashi a kasuwa jama'a suna tattaka juna.

Yadda nake sa ɗalibaina su riƙe su

Ba na ba su jerin kalmomi su haddace, don na gwada na ga bayan mako biyu sai su cakuɗe. Abin da nake sa su yi shi ne kowa ya ware shafi a bayan littafinsa, duk kalmar da ya tsinta ya rubuta ta tare da abokiyar tafiyarta da kuma wani wuri na garinsu: thunderous applause, filin wasa ranar da aka ci ƙwallo a minti na ƙarshe, boisterous children, tsakar gidanmu ranar sallah, raucous laughter, teburin mai shayin bakin layi. Kalmar Turanci ba ta tafiya ita kaɗai, kuma mai duba takarda abokan tafiyar nan yake kallo. A insha'in WAEC maki 50 ne, 20 daga ciki na iya sarrafa harshe ne, wato ya ninka na kowane ɓangare. Kalma mai sauƙi da ta zauna daram ta fi babbar da aka cusa. In kina shakka tsakanin very funny da uproarious, ki rubuta very funny, ba wanda zai rage miki ko rabin maki.

Sai dai in faɗa miki iyakar wannan bayani. Ma'aunin da na ba ki na daidaitaccen Turancin rubutu ne, wanda jarrabawa da aikin ofis ke nema. A hira da kuma a Facebook za ki ga masu harshen kansu suna karya wasu daga cikin ƙa'idojin, za ki ma ci karo da "very hilarious" a rubutun manyan mutane a nan gida, kuma kowa ya gane abin da ake nufi. Kalmomin raha na matasa kuwa suna sauyawa da sauri fiye da yadda ake sabunta ƙamus, kuma abin da ya zama ruwan dare a Amurka wani lokaci baƙo ne a Ingila. Kunne ne ke yanke hukunci na ƙarshe a irin waɗannan wurare, shi kuma da yawan karatu da saurare ake horar da shi.

Jimlarki kuma gyaranta kaɗan ne. Kina iya cire very ki bar "the drama was hilarious", ta tsaya da ƙafarta. Kina iya cewa "absolutely hilarious" in kina son ƙarfi. In kuwa kina son mai duba takarda ya ji zauren kamar yana ciki, ki rubuta abin da ya faru sannan ki kawo ƙarar: "When the old man's beard fell off, the hall erupted in uproarious laughter." Wani gyara guda da jan biron bai taɓa ba: wasa ɗaya da aka yi a dandamali play ake ce masa, drama kuwa an fi amfani da ita a matsayin sunan fannin gaba ɗaya, don haka "the play was hilarious" ta fi dacewa. Ki gaida malamin naku, ki kuma nuna masa sabuwar jimlar kafin ranar jarrabawa.